Kaza da Ɗiyanta a Daƙiƙa Shida

Asabar, 18 ga Oktoba, 2025
Ƙarfe 10:40 na dare, saman soron gidan hayarmu a unguwar Minanata. Babu wata, babu gajimare. Kyamarar aro ce daga Siddiƙu, wanda muka gama karatun kimiyya tare. Na ɗora ta kan sanda mai ƙafa uku, na saita ta gabas, kan tarin taurarin da littafi ke kira M45. Baba yana ce musu Kaza da ɗiyanta.

Daƙiƙa biyu: baƙi ƙirin. Daƙiƙa ashirin: kowane tauraro ya ja jela, domin duniya na juyawa, kyamarata kuwa a tsaye take. Lissafi ya ba ni shida.

Dalilin duk wannan: ranar Laraba likita ya ce hawan jinin ido ne ke damun Baba. Na hagu ya tafi. Na dama ganinsa na ta tsukewa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. A hanyar gida Baba bai yi zancen magani ba. Cewa ya yi, "Bana ban ga Kaza ba." A ƙauye, in ta fito bayan isha'i, ya san gero ya isa yanka. Tun da 'yan bindiga suka tashi garinmu ba shi da gonar, yanzu ga idon.

Litinin, 20 ga Oktoba
Fitilun sola na titi sun mayar da sama ja-ja. Duhun kirki yana bayan gari, inda ba mai hankalin da zai je da dare.

Talata, 21 ga Oktoba
Hoto ɗari da hamsin, kowanne daƙiƙa shida. Zan haɗe su a kwamfuta su zama ɗaya, hasken ya taru. Na goge talatin da suka yi motsi.

Guda ɗaya ya fi kowanne muni. Inna ta hauro da kunu, gyalenta ya taɓa gilashin ya kwance saitin, ni kuma cikin kuskure na danna kyamarar ta zauna a buɗe minti ɗaya da rabi. Taurarin suka kumbura, suka miƙe kamar tsutsotsi. Na ɗaga mata murya. Ta ce, "To malamin sama, sha kunun dai kahin shi huce." Ban goge shi ba, don kawai in riƙa tuna kuskuren.

Alhamis, 23 ga Oktoba
Ya haɗu. Kowane tauraro kamar kan allura, har da ɗan shuɗin hayaƙin da ke kewaye da su. Siddiƙu ya ce bai taɓa ganin an fito da irinsa daga cikin gari ba.

Bayan magariba na kai wa Baba, na kashe fitilar ɗaki, na ƙure hasken allon.

"Madalla, Jinaidu. Ya yi kyau ƙwarai."

Gefen allon yake kallo, wajen da babu komai. Na faɗaɗa hoton, ya sake cewa madalla. A tsakar gida Inna ta ce mini a hankali, "Kar ka matsa mai. Don kai shika hwaɗi."

Ban ci tuwo ba.

Juma'a, 24 ga Oktoba
Baba ya yi karo da randa a hanyar alwala. Ya ce wai an matsar da ita. Ba wanda ya taɓa ta.

Lahadi, 26 ga Oktoba
Ina zaune kusa da shi ina kwashe hotuna don in mayar da kyamara, sai mummunan hoton nan na ranar kunu ya buɗe. Na kai hannu zan wuce shi, ya riƙe mini wuyan hannu.

"Tsaya. Mi na wannan?"

Na ce wanda ya lalace ne.

Ya matso har hancinsa ya kusa taɓa allon, ya karkata kai yana neman sa da idon dama. Ya daɗe. Sannan ya ɗora yatsa. "Ga uwar. Ga ɗiyan sun bi ta. Kai, sun yi ƙiba bana!"

Inna ta ce, "Kununa sunka sha." Ya yi dariya har da tari.

Yatsan yana kan mafi haskensu, ko dab da shi. Ba zan iya rantsewa ba.

Litinin, 27 ga Oktoba
Na roƙi Siddiƙu ƙarin mako. Daren jiya na kwance saitin da hannuna, na bar kyamarar a buɗe minti biyu. A kan hoton na rubuta Kaza.

Abin da ban sani ba:
Ko minti biyu ya fi ɗaya da rabi a idonsa.
Ko ya gani, ko wurin ya tuna.
Ko gero ya nuna a gonarmu, da wanda zai yanka.
Minti nawa zai buƙata a wata mai zuwa.