Ganyen da Hajiya Ta Tsinka

Guangzhou, ranar Litinin

Zuwa ga Yaya Saude,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya zafin Kano? Mu nan jiki dai lafiya, amma raina a ɓace yake. Takarda na rubuta na ba Alhaji Shehu da zai taso gobe, don na san in saƙon murya na turo, duk gidanki sai sun ji.

Kin san an yi wa Hajiya aikin idon dama kuma an dace, saura na hagu da likita ya sa wata mai zuwa. To ni ce na matsa wa ƙaninki ya rufe ofis ya fita da mu, tunda tun zuwan mahaifiyarku ba ta san ko'ina ba sai asibiti da saman bene. Muka je wani tsohon gida a bayan gari, na wani attajirinsu na zamanin da, wanda yanzu ake biya a shiga kallo. Yaya, gida ne na gaske. Ƙofofin katako duk sassaƙa, tagogi da gilashi kala-kala, ga tafki a tsakar gida cike da jajayen kifaye ƙosassu da ba mai ci. Hajiya tana tafe tana salati. Da ta ga kujerun mai gidan ta ce duk arzikinsa bawan Allah a kan katako ya ƙare zamansa, ko matashi babu. Saffana na riƙe da hannun kakarta tana karanta mata allunan Sinanci. Rabon da in ga Hajiya tana dariya haka tun muna gida.

Sai da muka zagaya lambun baya ta hango zogale. Kin san abincin nan ya ƙi ta, shayi da burodi kawai ke riƙe da ita. Ta ɗaga igiyar da aka kewaye wurin da ita, ta shiga, ta kama tsinka tana zubawa a bakin hijabinta, har tana kirana in zo in ga ikon Allah. Mai gadi ya busa usur, mutane suka taru, kowa ya ɗaga waya. Ƙaninki ya je yana ta yi musu Sinanci yana rusunawa, aka karɓe ganyen, aka sallame mu. Ba wanda ya zage mu, ba a ci mu tara ba. Har wata tsohuwa ta dafa kafaɗar Hajiya tana murmushi.

Namu ne suka yi mana. Kafin mu isa gida bidiyon ya shiga wayar 'yan kasuwarmu, daga kasuwar Shahe har masu lodi a tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Yanzu ɗan mai zogale suke kiran ƙaninki. Mutanen da suka girma suna haura katangar maƙwabta don mangwaro, su ne yau suka waye! Shi kuma ya ce an zubar masa da mutunci a gaban abokan ciniki, don haka Hajiya za ta koma Kano mako mai zuwa, a ƙarasa idon a can. A can ɗin da aka yi ta ɗaga mata aiki har ta daina gane fuskar jikokinta? Na faɗa masa abin da ke bakina, ya ce ba uwata ba ce. Ke ce babba, Yaya. Ki kira shi, don Allah.

Ki gaishe da kowa.

Ƙanwarki,
Najiba

Guangzhou, ranar Juma'a

Yaya Saude,

Assalamu alaikum, da fatan kun wuni lafiya, ya jikin autarki? Allah ya saka miki da alheri. Ban san me kika faɗa masa ba, amma ya fito daga ɗaki kamar wanda aka watsa wa ruwan sanyi, ya fasa yankar tikitin. Hajiya za ta zauna a yi aikin.

Sai dai haushina bai huce ba. Ya daina zama cin abinci tare da ita, kuma in abokansa za su zo sai ya ce in shigar da ita ɗaki ta huta. Na ce wa Hajiya mu sake fita wani lambun mu uku, ba shi, ta ce ta ga abin da ya ishe ta.

Taki,
Najiba

Guangzhou, ranar Laraba

Yaya Saude,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka, Allah ya sa kuna lafiya. Ki shirya tarbar Hajiya ranar Lahadi. Wannan karon ita ta ce za ta tafi, kuma na roƙe ta har da kuka, ta ƙi.

Jiya na san dalili. Ina yi wa Saffana kitso ta tambaye ni ko da gaske Hajiya mai aikinmu ce. Na ɗaga hannu zan make bakinta, sai ta ce ai Abba ne ya faɗa wa mai gadi a gidan kifaye. Ya ce tsohuwar 'yar aiki ce da muka taho da ita daga ƙauye, ba ta san komai ba, a yi haƙuri. Ni ba na jin Sinanci, ina tsaye a wurin kamar gunki, har ina jin tausayinsa yana rusunawa. Yarinyar kuwa tun a mota ranar ta raɗa wa kakarta wannan tambayar, ita ma ba ta san abin da ta ɗauko ba.

Yaya, ban taɓa jin kunyar aurena ba sai jiya. Na tare shi, bai musa ba, wai ya faɗa ne don a sassauta mata. To da ya ce uwarsa ce, kashe ta za a yi? Matar da ta yi ta dakau har ya gama makaranta?

Ya je ƙofar ɗakinta ya durƙusa, ya daɗe yana ba da haƙuri. Ta ce ta yafe, Allah ya yi masa albarka, amma a yanka mata tikiti. Likita ya ce in aka daɗe idon hagun zai yi wuyar gyaruwa. An faɗa mata, ta ce ta ji.

Ga abin da nake so ki sani kafin ki gan ta. Tun yana goye Ƙadiri take kiransa, kin fi ni sani. Yau da safe ya fito zai tafi ofis, ta riga shi gaisuwa. Ta miƙe tsaye da ƙyar tana dafa bango, ta ce masa Alhaji barka da asuba, ta tambaye shi ko akwai aikin da za ta yi kafin ya dawo. Ya ajiye jakarsa ya zauna a ƙasa. Har yanzu da nake rubutun nan bai tafi ofis ba, ita kuma tana ciki tana ninke kayanta.

Ki gaishe da maigidan da yara. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Najiba