Tsofaffin da Suka Sa Yaya Bashir Hawaye

Daren Laraba, unguwar Ka'akiyya, ƙasa mai tsarki

Yau Yaya Bashir ya dawo daga Koriya, ya cika mana kunne. Wai a bakin teku ya ga tsofaffin mata suna nitso cikin ruwan sanyi don neman na abinci, kowa yana rusuna musu. Ya ce, "Wallahi Inna, sai da na yi hawaye."

Hawaye! Shekara nawa Inna ta yi tana hawa tudun Nakkasa da tiren gyaɗa har gwiwoyinta suka lalace? Shi da ke canza hanya in ya hango ta yana tare da abokansa Larabawa!

Ita kuwa cewa ta yi, "Allah sarki, bayin Allah," ta tura masa naman gabanta.

Na tashi na bar musu abincin.