Kwallin da Na Sa wa Ummi

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan Allah ya haskaka makwancinki. Na san takarda ba ta isa kabari, amma maganar nan ke ya kamata ki fara ji.

Ummi, jikata mai sunanki, ta kwanta da damina. Ciwon ciki, ƙin abinci, har 'yar maganar da ta fara ta ɗauke. A asibiti a Funtuwa aka ɗebi jininta aka aika Zariya. Sakamako ya dawo, dalma ce a jinin.

Likitar, wata matashiya mai haƙuri, ta yi ta tambayar abin da yarinyar ke ci da abin da ake shafa mata. Sai ta zo kan kwalli. Ni nake sa wa Ummi kullum, daga dutsen nan mai sheƙi da kika koya mini niƙawa a garin Dayi. Ta ce dutsen kansa dalma ne. Yaro ya murza ido ya tsotsi yatsa, shi ke nan. A gaban surukina, baban Ummi, na ce ni ce nake sa mata. Kin sha ce mana kada mu bari a yi ta neman mai laifi muna zaune a wurin.

Maganin da ta bayar, Inna, abin mamaki ne. Wari gare shi kamar ruɓaɓɓen ƙwai, nakan buɗe ƙwayar in juye a cokalin kunu. Ta ce ba ya kashe dalmar. Kama ta yake ta gefe biyu, yadda awartaki ke riƙe ƙarfe a maƙera, ba ya saki sai sun fita tare a fitsari. Kuma sai da awo, don yakan haɗa da abin da jiki ke buƙata ya fitar. Wasu bayin Allah ne fa suka zauna suka gano wannan. Da kina nan, da kin sa musu albarka.

Jiya aka sake gwaji, dalmar ta ragu. Ummi ta nemi ruwa da bakinta. Sauran, in ji likita, sai a hankali.

Ban ga laifinki ba, Innata, da ƙauna kika sa mana. Amma jibi akwai suna a unguwarmu, ni aka kira wankan jariri kamar yadda ake kiranki. Zan je babu tandun kwalli, kuma zan faɗa wa mata dalili, ko da za su ce na yar da gadonki.

Allah ya jiƙanki, ya yafe mini, ya cika wa Ummi lafiyarta.

'Yarki mai kewarki,
Hadiza