Ƙafar da Ta Sa Na Bar Don Evaristo a Tsakiyar Fili

Doña Herminia,

Don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa maganar nan ba tare da ta zaga unguwa kafin yamma ba. Ni ba mai rubuto wa jarida ba ce. Hasali ma na sha yi wa masu rubuto miki dariya, ina cewa ba su da aikin yi. To, ga shi yau ni ce.

Ƙafata ce, ta hagu. Shekaru ke nan tana ciwo a tafin, can ƙasan yatsu, kamar na taka garwashi. Ba kumburi, ba rauni, ba komai. Idan kika kalle ta wallahi ta fi ta dama kyau. Wata rana sai ta bar ni in je kasuwa in dawo lafiya lau, har in fara cewa ai na warke. Washegari ina tsaye ina jiran ruwan shayinmu na mate ya yi zafi, sai ta soke ni har sai na dafa bango.

Kada ki ce in je asibiti, na je. An ɗauki hoton ƙashi, an ɗauki na jijiya, an ɗebi jinina har sai da na ce su rage mini na komawa gida. Likita na farko ya ce takalmi ne, aka yi mini shimfiɗar cikin takalmi. Na biyu ya yi mini allura a tafin ƙafar, na ƙwalla ihun da ya sa masu jiran layi suka fara shawarar ko su dawo wata rana. Na uku, wani yaro da na girmi uwarsa, ya jujjuya hotunan ya ce, "Señora, ƙafar nan lafiyarta ƙalau." Na ce to ya karɓe ta ya ba ni tasa. Shi ne ya tura ni wurin likitan tunani. Kin dai san garin nan namu na Buenos Aires, ko karenka ne ya ƙi cin abinci sai a ce ka kai shi ya kwanta a doguwar kujera ya ba da labarin yarintarsa. Na je. Na ce ƙafata, ya ce in ba shi labarin mahaifiyata. Baiwar Allah tana kwance a kabarinta, ba ta taɓa taka ni ba ko bisa kuskure! Na yi ta zuwa na ɗan lokaci, na fito na san abubuwa da yawa game da mahaifiyata, ƙafa kuwa tana nan yadda take.

Ƙanwata Zulema, wadda ita kaɗai ta san halin da nake ciki, ta sa ni na jiƙa ta a ruwan gishiri, na murza ta a kan kwalbar ƙanƙara, har ta ja ni wurin wata tsohuwa a Lanús da ta shafa mini wani mai mai warin tsiya ta yi addu'a. Warin ya yi mako guda. Ciwon bai yi hutun yini ɗaya ba.

Amma da ƙafar ce kawai, da ban dame ki ba. Na saba da ita kamar yadda ake sabawa da maƙwabci mai rigima.

Tun da mijina ya rasu, duk Lahadi ina zuwa milongar unguwarmu, wato zauren rawar tango, ta tsofaffi, wadda ake farawa bayan abincin rana a tashi kafin duhu. Ke kin san tsarinmu, amma yaran da ke karanta filin nan ba lallai su sani ba, tun da su yanzu rawa ma kowa tasa yake yi. Mata gefe guda, maza gefe guda, fili a tsakiya. Namiji ba ya tasowa ya zo ya nemi mace rawa. Daga kujerarsa zai kalle ki. Idan kina so ki riƙe kallon, ya ɗan sunkuyar da kai, ke ma ki amsa, sannan ya taso. Idan ba kya so ki kau da ido, shi ke nan, ba wanda ya gani, ba wanda ya ji kunya. Kuma in kun shiga fili, waƙa huɗu ce a jere, sai sun ƙare zai rako ki kujerarki. Barin mutum kafin su ƙare, wannan sai ga wanda ya yi rashin ɗa'a ko wanda bai iya taka ƙafarsa ba.

Akwai wani dattijo, Don Evaristo. Siriri ne, gashinsa fari fat, kwat ɗinsa ɗaya ce tun da na san shi amma kullum a goge. Fiye da shekara goma, zagayen farko na tango da na ƙarshe namu ne. Ban san sunan gidansu ba, ban san aikin da ya yi ba, ban san titin da yake zaune ba, domin a can ba a tambaya. Tsakanin waƙa da waƙa sai ya ce, "Yau akwai zafi," in ce, "Akwai." Iyakarta ke nan. Kuma kada ki fara, Doña Herminia, ba soyayya ba ce. Ni dai na san idan ya riƙe ni ba na tunanin kuɗin wuta, ba na tunanin gidan da zan koma in tarar ba kowa.

Duk shekarun nan ina ɓoye ciwon. In sha ƙwaya kafin in fito, in cije. To, a lokacin sanyin da ya wuce, muna tsakiyar waƙa ta biyu, ƙafar ta soke ni irin sukar da ba ta taɓa yi ba. Idona ya rufe. Na saki hannunsa na juya na nufi kujerata, ina tafiya a miƙe don kada a ga ɗingishi. Ban ce masa komai ba. Da na zauna na ɗaga kai, yana nan tsaye a tsakiyar fili, hannunsa a ɗage yadda na bar shi, mutane suna kewaye shi. Sai ya gyara kwat ɗinsa ya koma gefensu a hankali.

Za ki ce me ya hana ni faɗa. Ga abin da ya hana ni. Na ga yadda aka yi da Doña Amparo da aka ji gwiwarta ta lalace. Maza suka koma yi mata rawar tausayi, suna riƙe ta kamar kwandon ƙwai, suna tambayarta ko ta gaji. Kafin shekara ta zagayo ta daina zuwa. Ni kuwa, ba yabon kai ba, a zauren nan idan na shiga fili matan gefenmu har shiru suke yi su kalli ƙafafuna. Ba na son a tausaya mini. Na tsani abin.

Tun daga ranar ina zuwa, amma ba na rawa da kowa. In zauna in kalli ƙasa, in yi ta laluben jakata, in cire tabarau in ce suna damuna. Da farko yana kallona, ina ji a jikina. Daga baya ya daina. Yanzu shi ma ba ya rawa da kowa, sai ya zauna da kofin gahawarsa har ta huce. Chela, mai kawo mana abin sha, ta raɗa mini cewa ta ji yana gaya wa na kusa da shi, "Idan mace irin wannan ta bar ka a tsakiyar fili, ka san kunnenka ya daina jin kiɗa." Wai ya ce daga ƙarshen shekara ba zai ƙara zuwa ba, gara ya tafi da sauran mutuncinsa. Da na ji haka sai da na shiga banɗaki na yi kuka.

Yanzu yaya zan yi? In na riƙe kallonsa muka shiga fili, ƙafar na iya sake yi mini, in bar shi sau biyu. In na aiki Chela, kafin ta isa teburinsa duk zauren ya ji. Tsallaka fili zuwa gefen maza kuwa, ko mahaifiyata da likitan tunani ya ɗora wa laifi ba ta taɓa yi ba. Idan kin san wani magani da zai riƙe ni na waƙa huɗu kawai, ki faɗa mini, ko mai wari ne.

Mai Kallon Ƙasa, daga Boedo


Ya ke Mai Kallon Ƙasa,

Na yi alkawari ba zan tambaye ki labarin mahaifiyarki ba. Mu bar ta ta huta.

Bari in fara da ƙafar. Ciwonki gaskiya ne. Rashin ganinsa a hoto ba ya nufin ƙirƙirarsa kika yi, yana nufin hoton bai gani ba. Akwai ciwon jijiya da yawa da ke wahalar da likitoci haka, kuma mutane da dama suna zaune da irinsa shekara da shekaru ba a sa masa suna ba. Shawarata ki daina yawon likita zuwa likita, kowa ya fara daga farko. Ki zaɓi ɗaya mai sauraro ki tsaya a kansa, ki roƙe shi ya haɗa ki da masu kula da daɗaɗɗen ciwo, waɗanda aikinsu rage zafi ne ko da ba a gano tushensa ba. A duba bayanki da sukarinki in ba a duba ba. Ki kuma gaya masa gaskiyar ƙwayoyin da kike sha kafin ki fita, don wannan ba abin wasa ba ne. Sannan na lura duk wasiƙarki ba ki ce uffan game da tsinin takalmin rawarki ba. Na san mu. Macen milonga za ta yarda a yanke mata ƙafa kafin ta yarda a rage mata tsini. Ki rage. Maganin waƙa huɗu kuwa ba ni da shi, kuma duk wanda ya ce miki yana da shi, ki riƙe jakarki da kyau.

Tsoron rawar tausayi ba zan raina shi ba. Abin da aka yi wa Doña Amparo ba daɗi, kuma zai yiwu wasu su yi miki. Mace da ta gina sunanta da ƙafafunta tana da haƙƙin jin ciwon wannan. Amma ki duba abin da kika saya da shirun nan. Kin ji tsoron kada a daina rawa da ke, sai kika daina da kanki, kika kuma zaunar da wani bawan Allah tare da ke. Zauren ya rasa mutum biyu, ƙafar ba ta rasa komai ba.

Ki ɗan shiga zuciyarsa. Shi bai ga garwashin da kika taka ba. Abin da ya gani shi ne mace mafi iya rawa a zauren ta sake shi a gaban jama'a, ta tafi a miƙe kamar soja, sannan ta ƙi kallonsa. Da ɗingishin kika bari ya fito, da tuni magana ta ƙare a ranar. Kin iya ɓoyewa har kin wuce gona da iri, mutumin ya ɗauki laifin ya ɗora wa kunnensa.

Al'adar kallon nan ni ma ina sonta, da ita na girma. Amma an kafa ta ne don kada a kunyata kowa, ga shi yanzu ita ce ke riƙe da kunyar dattijon nan. Kuma dokar gefen maza da gefen mata tana aiki ne idan kiɗa ya tashi. Mutum mai goge kwat ɗaya shekara goma, na tabbata yana cikin masu zuwa da wuri. Ki riga shi. Ki tsaya a bakin ƙofa lokacin da ake jera kujeru, ki tare shi, ki faɗa masa da bakinki: ƙafata ce, ta daɗe tana ciwo, ban so a sani ba, rawarka ba ta da aibi. Ba sai kin ƙara komai ba. Idan ya ce ku gwada, ku yi yarjejeniya tun a nan: waƙa ɗaya ko biyu, kuma in ta soke ki, ki matsa hannunsa ya rako ki kujera kamar haka kuka shirya. Mutum biyu da suka fita fili tare ba wanda ya bar wani.

Za a yi gulma? Za a yi, Chela ma na da aikinta. Gulmar za ta ɗauki Lahadi biyu, sannan wani ya zo da sabon rinin gashi a manta da ke.

Kin ce kada in fara, to ban fara ba. Na dai lura ba a cika shiga banɗaki a yi kuka don mutumin da ake hirar zafin gari da shi kawai ba.

Ƙafar nan wataƙila ta yi sauƙi, wataƙila ta ƙi, ban isa in yi miki alkawari ba. Abin da na sani shi ne kada ki jira ta. Ba ki san sunan gidansu ba, ba ki san titinsu ba. Ranar da kujerarsa ta wayi gari ba kowa, ba ki da ƙofar da za ki ƙwanƙwasa, kuma zai tafi yana ganin shi ne ya gaza. Ki je wannan Lahadin.

Allah ya sassauta miki ciwon, ya ba ki ƙarfin halin buɗe baki.

Taki,
Herminia