Kunne kafin baki: yadda na koya wa Habu magana

Zuwa ga Hajo, Maman Habu,

Bayan sallama da fatan rahamar Allah tana tare da ke a makwancinki, ina rubuto miki daga ɗakin nan namu na Zongo. Duk mai son leƙawa ya karanta, ban hana ba.

Kin san ni. Na bar koleji ban gama ba, na sauka Kutonu da riga ɗaya. Gyaran mobilet, ƙaramin babur ɗin nan, a bakin kasuwar Saint-Michel da ido na koya. Na buɗe shago, na yi rufin kwano, na aure ki, ba wanda ya ɗaga mini ko bulo. To, duk wannan wasa ne a kan aikin da kika bar mini.

Kin tafi kin bar Habu ba ya kallon idon kowa, yana ta juya murfin tukunya. Likita ya ce sunan abin otizim, ya ce magani babu. Baffanninsa suka ce a kai shi arewa a ɗaure.

Na sa shi lakwal, makarantar boko. Kowace safiya yara na ɗaga hannu suna rera taken juyin juya hali, Habu ya haddace tsaf da Faransanci, har da tarin da mushe, wato malaminsu, ke yi a tsakiya. Na yi ta yawo da shi ina cewa ɗana ya yi magana.

Rannan a shago ya dafa salansar mobilet mai zafi. Maman Habu, fatar tafinsa na tashi, shi kuwa taken nan yake ihu. Ba shi da kalmar “zafi”. Na cika masa baki, kunnensa fanko.

Na cire shi daga lakwal, na juya aikin. Harshe ɗaya, Hausa, na hana maƙwabta yi masa yaren Fon da Faransanci. In sa masa buta a hannu in ce “buta”, in yi shiru, ban ce ya maimaita ba. Da ya gane, sai “kawo buta”. Daga nan koko a dama, burodi a hagu, ya nuna wanda yake so. Damina ta zo ta wuce muna haka, ni kaɗai nake magana a ɗakin nan kamar rediyo. Ke kin sha ce mini, “Malam, ka cika gaggawa.” Da kin gan ni.

Sai da kunne ya cika, bakin ya buɗe da kansa. “Ruwa.” “Zafi.” Makon jiya ya jawo zanenki shuɗi daga akwati, ya rungume, ya ce “Inna”.

Ni har yau bai kira ni ba. In an ce “kai wa Baba takalmi”, gabana yake ajiyewa, don haka ya san ni. Bakin zai biyo, tsarina ne, ba zan karya shi don kaina ba. Amma da ciwo, Hajo.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya ba ni ran jin kiran nan.

Baffanninsa yanzu cewa suke rubutun da suka aiko ne ya buɗe bakin, mushe na cewa lakwal ce. Ban yarda ba. Tunda yaron bai iya faɗin sunana ba tukuna, ku masu karatu ku rubuta shi: Idi Mai Mobilet, na Zongon Kutonu, shi ya yi.

Mijinki,
Idi