Shekarar da Baba Ya Tsaya a Waje

Port Carver, 25 ga Satumba

Zuwa ga ƙanena Teddy,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ko da yake lafiyar kanka ce nake shakka. Mama tana gaishe ka. Baba bai ce a gaishe ka ba.

A jarida muka gani, Teddy. A jarida! Shafin baya, cikin jerin waɗanda kulob ɗinmu na ƙwallon Amurka ya kwaso su maye gurbin 'yan wasan da suka tafi yajin aiki. Ga sunanka nan tsakanin wani direban tirela da wani gandiroba: Thaddeus Pawlak, mai bugun ƙwallo, lamba huɗu. Muna karin kumallo Baba ya karanta, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa.

Ya ce, "Wane Pawlak ne wannan?"

Mama ta ce, "Haba Kaz, Pawlak nawa ka haifa?"

Ya ce, "Ɗaya na haifa, ga ta nan zaune tana shan kofi."

Ka san mutumin nan. Shekara talatin da huɗu bai taɓa fashin wasan gida ba. Yana nan a kakar da suka sha kashi sau goma sha huɗu a wasa goma sha huɗu. Yana nan shekarar da kogi ya cinye fili aka koma wasa a filin sukuwa, ana gudu ana kauce wa kashin doki. Har kakar lokacin yaƙi, da aka haɗa kulob ɗinmu da na abokan hamayyarmu don maza sun tafi yaƙi, ya gani ta ramin katanga yana yaro, kuma kullum sai ya ba mu labarin mai jefa ƙwallon da ido ɗaya gare shi. Babu abin kunyar da kulob ɗin nan bai nuna masa ba, ya zauna ya kalla har ƙarshe. To bana ƙungiyarsu ta ma'aikatan ƙarfe ta ce za ta ja layi a ƙofar fili tare da 'yan wasan, shi kuwa bai taɓa tsallake layin masu yajin aiki ba.

Ka tuna Baffa Ziggy. Kwana uku kacal ya koma aiki a yajin da suka yi na wata huɗu, yau shekara ashirin da takwas Baba bai ce masa ci kanka ba. A coci ɗaya suke, benci biyu ne tsakaninsu. Abin da nake tsoro ke nan, kada ka zama Ziggy na biyu.

Kada ka buga waya gida, shi ke ɗauka. Ka rubuto mini ta gidan burodin da nake aiki.

Yayarka da haushi ke ci,
Bernie

*

29 ga Satumba

Yaya Bernie,

Na gaishe ki, ki gaishe mini da Mama. Wasiƙarki ta same ni a otal ɗin da aka killace mu, bayan gari, da 'yan sanda biyu a ƙofa.

Ki ji nawa ɓangaren. Sau huɗu ana gayyata ta sansanin gwaji, sau huɗu ana cewa in miƙa hular kwano in kama gabana. Shekarata ashirin da bakwai. Rufin gidaje nake yi a Dayton, ƙafar da Baba ke cewa ta zinariya ce tsani take hawa. Sai ga waya, wai in zo in sa rigar da na taso ina kallo daga kujerar Baba. Ke da ke ce, me za ki ce?

Kuma waɗannan masu yajin ba irin su Baba ba ne. Jiya na hango su ta taga, kowa ya zo da motar da ta fi gidanmu kyau, suna gasa nama a bakin titi suna sa wa mutane hannu a takarda. Wane ne a cikinsu ya taɓa tsayawa gaban wutar narka ƙarfe?

Nan kuwa abin dariya abin tausayi. Mai jefa mana ƙwallo malamin lissafi ne. Akwai wani ƙato da ya manta yadda ake ɗaure kayan kafaɗa, sai da aka taya shi. Koci ya liƙa mana sunayenmu a goshin hula don bai san kowa ba.

Ba na neman Baba ya tafa mini. Ki ce masa ya shiga ranar Lahadi ya zauna a kujerarsa, shi ke nan. Ya gan ni sau ɗaya cikin rigar nan. Wasa biyu ne ko uku, yajin zai ƙare a watsar da mu.

Ƙanenki,
Teddy

*

5 ga Oktoba

Teddy,

Ina gaisuwa. Na isar da saƙonka, ya ce in miƙo masa gishiri.

Jiya tun da safe ya sa tsohuwar jaket ɗinsa ta ƙungiya ya tafi ƙofar fili ta uku, shi da su Mista Dombek na ƙungiyarsu, wajen mutum ɗari uku da kwalaye. Matar Dombek ce ke raba ƙwai na jifan bas ɗinku, kowa biyu. Da bas ɗinku ta shigo ka ji abin da suka kira ku, ba sai na maimaita ba. Na hango ka ta taga ta huɗu ka sunkuyar da kai. Shi ma ya gan ka.

Ni kuma na yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba. Na riƙe tikitin Mama na bi ta gabansu na shiga. Dombek ya ɗaga murya ya ce, "Kaz, ashe gidanka duka ya rube!" Baba bai ko dube ni ba. Haka na hau bene, kuma kai ka jawo mini.

Filin mutum dubu sittin, ba mu kai dubu biyar ba. In mai sayar da gyaɗa ya yi tari a can gefe sai ka ji. Bugunka na farko ya kauce hagu, na ce wayyo, duk wannan tashin hankali a kan wannan? Na biyu ya ratsa tsakanin sandunan gola biyun nan tsaf, maki uku. Na miƙe ina ihu ni kaɗai a layinmu, ga kujerar Baba babu kowa. An ci ku da ratar maki ashirin, amma wa ya damu.

Tun da ba a sayar da tikiti duka ba, ka san ƙa'ida, ba a nuna wasan a talabijin a garin nan ba. Mama a rediyo ta ji, a ɗakin wanki, ta kunna inji don kada a gane.

Da yamma ya dawo ya rataye jaket. Mama ta sa hannu a aljihu za ta ciro makullin mota, sai ta ciro hannu caɓe-caɓe da ƙwai. Duka biyun suna ciki, sun fashe.

Ta ce, "Kaz, ba ka jefa ba?"

Ya ce, "Kafaɗa ke damuna."

Ban san yadda zan fassara maka wannan ba. Ni dai har yanzu ba ya yi mini magana sai ta bakin Mama.

Yayarka,
Bernie

*

12 ga Oktoba

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, bas na jira. Kin gani? Bugu daga nisan yadi arba'in da takwas, saura daƙiƙa uku, a filin mutane, ga iska tana kaɗawa! Ƙaton nan ya ɗaga ni sama har sai da na ji haƙarƙarina. Koci ya kira sunana bai dubi goshin hula ba.

Wasan waje ne, na san an nuna a gida. Ki gaya mini gaskiya, kada ki lallashe ni. Ya gani?

Teddy

*

Juma'a, 16 ga Oktoba

Ƙanena,

Bayan gaisuwa, bai gani ba. Muna dawowa daga coci ya cire talabijin, ya rungume ta ya sauka da ita ɗakin ƙasa, ya kulle ya sa makulli a aljihu. Mutum mai ciwon kafaɗa! Ni da Mama gidan maƙwabta muka je. Da ƙwallon nan ta shiga, Mama ta zubar wa mutane da kwanon miya a kafet. Duk unguwa ta gani, har Baffa Ziggy ya aiko da kek. Wanda ya koya maka ɗaure takalmi kaɗai ne bai gani ba.

Amma saurara. Jiya an janye yajin aikin. Masu kulob sun ce waɗanda ba su dawo zuwa Larabar da ta wuce ba, ba za su buga wannan makon ba, don haka ku ne dai za ku fito ranar Lahadi. Na same shi a gareji na ce, "Baba, layin da kake tsoron tsallakewa babu shi. An naɗe kwalaye, kowa ya tafi gida. Yanzu mene ne hujjarka?"

Ya daɗe yana goge sifana ɗaya. Sannan ya ce, "Kujerata ce. Ba don kowa zan je ba."

Na ce, "Na ji."

Ya ce, "Ki ce wa uwarki ta nemo mini abin hangen nesana."

Wannan ce maganarsa ta farko da ni cikin kwana goma sha biyu. Zai zo, Teddy. Layi na goma sha tara, inda ka sani. In ka fito ka ɗaga kai. Kuma don Allah kada ka kauce hagu.

Yayarka,
Bernie

*

Asabar, 17 ga Oktoba

Yaya Bernie,

Ina gaishe ki. Ban samu amsarki ba, to shirun ma amsa ce.

An sallame ni da safen nan. Ashe mai bugunsu na asali ya lallaɓo ya dawo ranar Laraba ta ƙofar baya, shi da wasu shida, kafin wa'adi ya cika. Koci ya riƙe mu duka biyu har yau, sannan ya ce, "Yaro, ka yi ƙoƙari, ka miƙa hula a ƙasa." Sau biyar ke nan.

Bas ɗin Dayton na ƙarfe goma sha biyu zan bi. Ba zan biyo gida ba, ban da fuskar da zan shigo da ita. Kada ki gaya wa Baba komai, dama ba zuwa yake ba. Ki sumbaci Mama.

Teddy

*

Talata, 20 ga Oktoba

Teddy,

Ba ni da gaisuwa yau. Wasiƙarka jiya Litinin ta iso, tawa kuma na san tana can otal tana jiran wanda ya gudu. Waya fa? Gidan burodi ba shi da waya ne? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kanku ɗaya.

Baba ya zo fili ranar Lahadi. Ya yi aski, ya sa rigar coci a ƙarƙashin jaket. Tun ana motsa jiki ya ɗora abin hangen nesa yana bin 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Ban ga huɗu ba." Na ce wataƙila kana ciki ana ɗaure maka ƙafa. Aka zo bugun farko, sai ga lamba bakwai ya fito. Baba ya sauke abin, ya goge gilashin da hannun riga, ya sake ɗorawa. Har aka tafi hutun rabin lokaci yana duba benci.

Wani mai ƙaton ciki a bayanmu ne ya faɗa. Ya ce wa abokinsa, "Ai jiya suka kori ɗan Pawlak ɗin nan. Gara haka, maci amana."

Baba ya juya a hankali. Ya ce, "Maci amana ne. Amma ni na haife shi, ni ke da bakin faɗa. Ka sake faɗa ka ga yadda za ka sauka benen nan."

Mutumin ya mai da idonsa kan fili. Baba ya zauna minti biyu, sannan ya miƙe ya ce mu tafi. Saura rabin wasa, Teddy. Mutumin da ya zauna cikin ƙanƙara ana cin mu hamsin da babu bai motsa ba. A mota bai kunna rediyo ba. Sai da muka kusa gida ya ce, "Yadi nawa kika ce?" Na ce arba'in da takwas. Ya ce, "Da iska?" Na ce da iska.

Na gaji da zama ɗan aike tsakanin kurame biyu. Jiya ya tambaye ni adireshinka, na ba shi. Abin da zai rubuta ban sani ba, kuma kada ka tambaye ni.

Bernie

*

21 ga Oktoba

Thaddeus,

Uwarka tana gaishe ka.

Abin da ka yi ba daidai ba ne. Ba zan ce daidai ne ba, yau ko gobe.

Kowa a garin nan ya ga bugun nan sai ni. Na je filin makarantar coci na auna da ƙafa, daga sanduna zuwa bakin famfo yadi arba'in da takwas ne. Ka zo ranar Asabar da takalmanka. Dole wani ya durƙusa ya riƙe maka ƙwallon, gwiwata ta dama tana iya minti goma.

In ka kauce, kai za ka tsallaka katanga ka ɗauko.

Ubanka,
Kazimierz Pawlak