Waken Gwaji da Butar Inna

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya iyali, ya jikin Larai? Mu nan Wara lafiya lau, sai gajiya.

Aikin makarantata ya lalace. Na shuka wake a tukwane, na rufe ƙasar da leda, na daina ba su ruwa, ina aunawa a sikeli safe da yamma. Nauyin da ya ragu shi ne ruwan da ganye ya fitar, da haka zan gane ko wake yana riƙe ruwansa idan iska ta bushe. Sati uku ina fama, sai ga wasu tukwanen suna ƙara nauyi. Har sikelin na zarga.

Jiya da azahar na tarar da Inna ta ɗaga ledar, tana tsiyaya musu sauran ruwan alwala. Ta ce, "Ga gulbi cike, ki bar mai rai da ƙishi? Ba ni ɗaukar alhakin nan."

Yanzu sai na sake daga farko. Ka sa ni a addu'a, ka gaida yara. In ka kira Inna, kada ka tada maganar. Waɗanda ta shayar ne kaɗai suka yi fure.

Ƙanwarka,
Hadiza